Kafin ka ɗinke zanenka ya zama littafi

Ƙannena masu zane, musamman ku da hannunku ya fi karkata ga zanen da ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba ko gida, sai layi da ɗigo da launi: in kun yi niyyar mayar da aikinku littafi, ku sani tara kyawawan zane ashirin a ɗinke su wuri guda kundin hotuna ne kawai. Littafin da mai zane ke ƙerawa da hannunsa, labarinsa na tsakanin shafi da shafi ne, daidai lokacin da aka juya takarda. Na daɗe ban gane haka ba, takarda mai tsada kuwa ta salwanta da yawa kafin in gane.

Littafina na farko a kan masaƙun unguwar Kakuri da ke Kaduna na yi shi. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, ta fara aiki tun 1957, wasu suka biyo ta, har unguwar ta zama ba a jin komai sai ƙarar inji da jiniyar canjin aiki, sannan daga baya injunan suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Wannan shirun na so in zana. Sai na ɗauki kowane shafi na yi masa aikin da za a rataya a bango. Ja a shafi na uku jiniya nake nufi, a na bakwai fushin ma'aikata, can gaba kuma na sa shi don kawai ya dace da shuɗin da ke kusa. Na kai wa wani dattijo maɗinki a Tudun Wada, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa. Ya lashi yatsa ya bi shafukan a nutse har ƙarshe, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, aiki ya yi kyau, amma ina aka dosa?" Ba ni da amsa.

Abin da ya rasa shi ne wanda zai bi. Mai kallo ba ya bukatar fuska, amma yana bukatar abu ɗaya da zai gane a shafi na biyu, ya sake gane shi a na goma ko da ya sauya hali. Wata mai zane 'yar Suwizalan, Warja Lavater, ta fitar da tatsuniyar nan ta Turawa ta yarinya mai jar hula a 1965, a doguwar takarda mai ninki-ninki: yarinyar jan ɗigo ce, kyarkeci baƙin ɗigo, daji kuwa korayen ɗigogi. Baƙin na matsowa kusa da jan, gaban mai kallo zai faɗi. Tun 1922 El Lissitzky na Rasha ya yi wa yara labari da murabba'i biyu kacal, ja da baƙi. Da na sake aikin Kakuri, zare da abawa kaɗai na riƙe: layukan tsaye da na kwance a cunkushe a farko, kowane juyi ina zare kaɗan, har shafukan ƙarshe suka koma layi biyu da ba su ma haɗu ba. Ba shafin da ya kai na da kyau in an ware shi, amma wannan karon ana kaiwa ƙarshe ba a tambaye ni komai ba.

Abin takaicin shi ne sai da na zaga ta Turai kafin in ga abin da ke ƙofar gidanmu. Ku dubi zayyanar allon sauka, ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a jikin tsofaffin gidajen birnin Zariya. Duk zane ne marar sura, kuma kowane Bahaushe na karanta shi ba tare da an yi masa bayani ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, kiran da suka yi ke nan: a koyi dabarar baƙo, a haɗa ta da gadon gida. In kun sami hali ku leƙa Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, ku nemi ganin tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Malamanmu ba sa ɗinke warƙoƙi, a sake suke ajiye su cikin tadarishi, amma a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba don kada jeri ya rikice. Ku ari wannan dabarar: layin da ya fita ta gefen wannan shafi ya shigo na gaba a daidai wurin, ko launin da ya ƙare nan ya zama shi ya buɗe can.

Kada ku taɓa takarda mai kyau sai kun yi na gwaji. Fallen takardar fotokwafi huɗu, a ninka biyu, shafi 16 ke nan. Ku yi zanen da fensir cikin gaggawa, ku ba wanda bai san komai kan zane ba ya juya, ku kuma ku ja bakinku ku yi shiru. Inda ya yi sauri da inda ya tsaya ya koma baya, su za su gaya muku wurin gyara. Kuma ku bar shafi ɗaya ko biyu fari fat in labarin na son numfashi. Ni da a ganina asarar takarda ce.

Sai kayan aiki, inda na fi shan wuya. Takarda na da jijiya. Ku lanƙwasa falle ta tsawo da ta faɗi, ɓangaren da ya fi saurin bin hannu nan jijiyar ta bi, kuma dole ta tafi daidai da ɗinkin bayan littafin. In kuka saɓa, littafin ba zai kwanta ba, shafukan za su yi ta tashi. Fentin akirilik mai kauri kuwa kada ya fuskanci ɗan'uwansa: nawa na rufe shi na ajiye da damina, da na zo buɗewa shafi biyu sun manne, na ja, fentin ya taho da fatar takardar. Gawayi shi ma yakan bar tabo a shafin da ke kallonsa, sai an sa siririyar takarda a tsakani. Farin gam ɗin kafintoci na aiki, amma a shafa shi siriri, a danne da abu mai nauyi ya kwana, musamman da hunturu da bangon littafi ke saurin kantarewa. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro tana da baƙi mai daɗin kallo, sai dai ruwa na taɓa ta za ta narke, don wankewa aka yi ta.

In kuma bugawa za ku yi, launin da ke fuskar waya ba shi zai fito a takarda ba, shuɗi da kore sun fi dushewa. Ku biya kuɗin samfur ɗaya, ku fita da shi waje ku duba a hasken rana kafin ku ce a buga sauran. Kuma kada ku sa muhimmin abu a tsakiyar shafuka biyu, ɗinki zai haɗiye shi.