Jamkhed: Inda Matan Ƙauye Ke Koyar da Ɗaliban Jami'a

Duk lokacin da aka tayar da zancen tura ɗaliban kiwon lafiyar al'umma ƙasashen waje domin su koyi aiki a aikace, hankalin mutane yakan tafi ga manyan jami'o'in Amurka da Ingila. Ni kuwa wurin da nake ganin ya fi cancanta a sani shi ne Jamkhed, wani ƙaramin gari a jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, a yankin da fari ya saba addaba. A can ne likitoci biyu, Raj Arole da matarsa Mabelle, suka kafa shirin kiwon lafiyar karkara a shekarar 1970, bayan sun yi karatun likitanci a garin Vellore da ke kudancin Indiya, sun kuma ƙaro ilimi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ɗalibai daga ƙasashe da dama, har da Amurka, sukan je cibiyar horaswa ta shirin su zauna na makonni, suna ɗaukar darasi a aji, suna kuma bin ma'aikata zuwa ƙauyuka.

Abin da ya ja ni ga wannan wuri shi ne irin malaman da ɗalibi yake tararwa. Kowane ƙauye yakan zaɓi mace ɗaya daga cikinsa ta zama ma'aikaciyar lafiya, kuma da yawa daga cikin na farko ba su taɓa shiga aji ba, wasu ma daga ƙasƙantaccen rukunin nan ne da al'adar Indiya ta hana a haɗa jiki da su. An koya musu awon ciki da awon nauyin yara, da haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, da gane alamun kuturta da tarin fuka, sannan sukan koma cibiyar a kai a kai domin ƙarin horo, inda suke cin abinci tare ba tare da duba asalin kowa ba. Ɗalibin da ya bi irin wannan mata gida-gida zai ga yadda take shawo kan surukar da ta hana a kai mai naƙuda asibiti, darasin da babu littafin da zai iya ba shi. Zai kuma ji labarin yadda aka riƙa haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwannin waɗanda ake ƙyama, har ya zama dole masu ganin kansu manya su je can ɗiban ruwa. Daga nan zai fahimci cewa tamowa da mutuwar jarirai suna da saiwa a cikin talauci da wariya da halin da mace take ciki a gidanta.

Akwai abin da yake damuna ƙwarai game da irin waɗannan tafiye-tafiye a wasu wurare. Sau da yawa akan bar ɗalibin da bai gama karatu ba ya yi allura ko ya karɓi haihuwa a ƙasar talakawa, alhali a ƙasarsu doka ba za ta bari ya kusanci hakan ba. Wannan zalunci ne, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi. A shekarar 2010 wasu masana sun fitar da ƙa'idojin ɗa'a kan horon lafiya a ƙasashen waje, inda suka nemi kada ɗalibi ya wuce iyakar abin da aka horar da shi a kai, a kuma biya masu masauki kuɗin ɗawainiyar da suke yi. Hidimar da ta dace da ɗalibi ita ce wadda mutanen wurin suka nema da bakinsu, kamar tattara bayanan gidaje ko taimakawa wajen awon yara, a ƙarƙashin idon wanda zai ci gaba da zama bayan baƙo ya tafi.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin ɗaliban likitanci na Kano sukan je Kumbotso, na Zariya kuma Yakawada, su yi zaman koyon aikin karkara. Burina shi ne jami'o'inmu, idan sun tashi ƙulla yarjejeniyar musayar ɗalibai, su sa wurare irin Jamkhed a sahun gaba, su kuma tura ma'aikatan lafiya na matakin farko tare da ɗaliban, tunda su ne za su dawo su zauna a ƙauyukan.