Bashin Salla da Kunyar Tambaya

Ƙannena maza da mata, ban taɓa zama mutumin da za a nuna a ce ba ya salla ba. A cikin birnin Zariya aka haife ni, gidanmu ba nisa da tsohon masallacin Juma'ar nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Na yi makarantar allo, na haddace gajerun surori, ana kiran salla na ɗauki buta. Amma da kwaikwayo na koyi sallata: abin da na ga manya suna yi shi nake yi, ban san wanne ne farilla ba, wanne ne sunna, me ke ɓata salla, me ke gyara ta. Haka na girma har gemu ya fito, kuma tun da ba wanda ya ce mini kanzil, na ɗauka komai daidai ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina zaune a garin da mutane ke barin garuruwansu su zo ɗaukar karatu. A Unguwar Juma da Kona da sauran unguwannin cikin ganuwa, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka wuce zauren da ake ba da karatu bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Isha ba. Na sha wuce su. Kunya ce ta hana ni shiga, wai ƙato kamata ya durƙusa da Ahalari a hannu kusa da yara. Alhali layin farko na littafin da ni yake magana: farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne ya gyara imaninsa, sannan ya san abin da zai gyara farillan da ke kansa, kamar hukuncin salla da tsarki da azumi. Gaba kaɗan kuma ya ce bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Lokacin da ya kamata in kashe a zaure, a majalisa na kashe shi ina musu. Ku tambaye ni maganar sadalu da ƙabalu a lokacin, ko rikicin ɗariƙa da izala, sai in ta zuba har mai shayi ya tashi. Wallahi a wannan lokacin da za a ce in lissafa farillan wankan janaba, ba zan iya ba. Yau wayar hannu ta ƙara wa wannan ciwo ƙarfi. Ina ganin yara suna zagin malaman da suka haifi iyayensu a Facebook, kuma ina jin tsoron da yawansu halin da na shiga suke ciki.

Maganar wankan nan ita ce ta fi girgiza ni, don haka zan tsaya a kanta, ko da ba a saba faɗinta a fili ba. Da na balaga ba wanda ya zaunar da ni, ni ma ban tambaya ba. Na zaci idan na shiga bayi da soso da sabulu na fito tsaf, shi ke nan. Sai daga baya, da na daure na zauna gaban wani dattijon malami a unguwarmu, na ji cewa dole ne a yi niyyar ɗauke janaba tun farko, a game jiki duka da ruwa tsarkakakke wanda sabulu bai canja shi ba, a cuccuɗa, a jeranta ba tare da dogon jinkiri ba, ruwa ya ratsa gashi har fatar kai. Ya ambaci wuraren da ruwa ke tsallakewa: cibiya, hammata, bayan gwiwa, tsakanin yatsu. Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Allah gafarta Malam, to sallolin da na yi a baya fa?" Ya ce malamai sun yi saɓani a kan wanda rashin sani ya kai shi ga haka, amma shi abin da ya fi kwantar masa da hankali in kintata yawansu in rama. Bai yi mini faɗa ba, bai yi dariya ba. Kunyar da ta tsare ni shekara da shekaru, ashe ni kaɗai nake jin ta.

Alwala ma haka. Farillanta bakwai ne a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai: niyya, wanke fuska, wanke hannaye har gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu har idon sawu, cuccuɗawa da jerantawa. Da hunturu, lokacin da sanyin Zariya ke sa diddige ya tsage, nakan ɗan watsa wa ƙafa ruwa in wuce. Annabi (SAW) ya ga wasu sun bar diddigensu a bushe, ya yi musu kashedi da wuta. Ku kuma ƙannena mata, jan farce yana hana ruwa taɓa farce, lalle ba ya hanawa, ku san bambancin.

Cikin sallar kanta, sauri ne ya ci ni. Ina yin ta kamar kaza na tsintar tsaba, goshi bai gama taɓa ƙasa ba na ɗago. Natsuwa a ruku'u da sujada da ɗagowa daga gare su farilla ce. Akwai sahabin da ya yi salla a gaban Annabi (SAW) a gurguje, aka ce masa ya koma ya sake domin bai yi salla ba, har sau uku, sannan aka koya masa. Ƙabli da ba'adi kuwa, cankar su nake yi. Ƙa'idar ba ta da wuya: idan ka rage sunna mai ƙarfi da mantuwa, sujada biyu kafin sallama; idan ƙari ka yi, bayan sallama; idan ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli. Farilla kuwa sujada ba ta maye gurbinta, sai an kawo ta. Wanda ya manta zaman tahiyar farko, in hannayensa da gwiwoyinsa ba su bar ƙasa ba ya koma ya zauna, in sun bari ya ci gaba ya yi ƙabli. Wanda ya riski raka'ar ƙarshe ta Magariba bayan liman, idan ya miƙe zai kawo raka'a da Fatiha da sura a bayyane, ya zauna tahiya, ya sake kawo wata haka, ya zauna ya sallame. Ku lura da masu zuwa a makare a masallacin unguwarku, za ku ga yadda ake rikicewa a nan.

Sai bashin da na ci da saninsa. Zamanin da nake karatu ina zaune a Samaru, nakan raba dare ina karatu ko hira, Asuba sai rana ta take. Ranar da ake buga ƙwallon Turai, Magariba ta same ni a gidan kallo, in ce bari a tafi hutun rabin lokaci, daga nan Isha ta shiga. Wasu na haɗa su, wasu suka bi ruwa. Shaiɗan bai taɓa ce mini in daina salla ba, "an jima" kawai yake ce mini.

Salla ba ta faɗuwa don lokacinta ya wuce, tana nan a wuya. Ana rama ta yadda ta kuɓuce, ta bayyane a bayyane, ta asirce a asirce, kuma ba ta da lokacin hani, ko bayan La'asar ne ana ramawa. Ahalari ya ce wanda yake rama sallolin kwana 5 a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Ni ban iya kaiwa haka kullum ba, ga aiki ga iyali, sai na ɗaure wa kaina cewa kowace farilla zan bi ta da ramuwar irinta, in na samu sarari in ƙara. Na samu ɗan littafi ina rubutawa. Abu ne mai nauyi ga mai shekaruna, gwiwa ta fara ciwo, kuma da ina da ƙarfin da kuke da shi yanzu da tuni na wuce wurin.

Azumi ma ku duba. Wanda ya sha saboda ciwo ko tafiya, da macen da al'ada ta hana, su rama kafin wani Ramadan ya kama. In an yi sakaci har ya shigo, ga ramuwa ga ciyar da miskini mudu ɗaya, mudun Annabi, a kan kowace rana. Wannan ma ya same ni, sai da na auna hatsi na bayar.

Abin da nake roƙonku, cikin makon nan ku nemi malamin da kuka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, a zaure ne ko a Islamiyya, ku ce kuna so a fara muku daga babin tsarki. Ku yi alwala a gabansa ya gani, ku karanta masa Fatiha da tahiya ya gyara muku baki. Mata su nemi malama, akwai su a Islamiyyun matan aure daga Tudun Wada har Sabon Gari. Wanda kuma ya san akwai salloli a kansa, ya zauna daren yau ya kintata su tun daga shekarar da ya balaga, ya fara ramuwa da Asubar gobe.