Kuɗin makarantar coci da lissafin gidan Bahaushe a Sudan

Akwai muhawarar da take dawowa gidajen Hausawan biranen Sudan duk lokacin da aka buɗe rajistar 'yan makaranta, wato ko ya dace magidanci Musulmi mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki ɗansa ya kai makarantar coci yana biyan kuɗi, alhali ga makarantar gwamnati a bayan gidansa wadda doka ta ce kyauta ce. Ina cikin waɗanda suka kai, na kuma biya shekara da shekaru a Khartum kafin yaƙin 2023 ya taso da mu zuwa Bur Sudan. Abin da na fahimta shi ne, abin da mafi yawanmu muke saye da kuɗin nan bai wuce tabbacin cewa malami zai shiga aji kowace safiya ba, ya duba littafin yaro, ya kuma san sunansa. Turanci da sunan makaranta da kyan gini duk suna biyo baya ne.

Makarantun nan sun daɗe a ƙasar fiye da yadda matasanmu suke zato. Daniel Kamboni, limamin Katolika ɗan Italiya wanda sunansa ya zama sunan makarantun, a Khartum ya rasu a shekarar 1881, mabiyansa kuma suka buɗe Kwalejin Kamboni a birnin a 1929, sannan aka sami 'yan'uwanta a Umdurman da Atbara da Ubayyid da nan Bur Sudan, tare da na 'yan mata waɗanda sistoci suke riƙewa. Kibɗawa, wato Kiristoci masu asali da Masar, su ma suna da nasu, haka cocin Injiliyya. A zamanin mulkin Ingila da Masar an hana 'yan mishan yi wa Musulmin arewacin Sudan wa'azi, sai aka bar musu makaranta da asibiti, wannan ne ya sa tun farko suka saba da koyar da 'ya'yan Musulmi ba tare da neman sauya musu addini ba. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan na kudu a 1957, ta kuma kori 'yan mishan baƙi daga can a 1964, na arewa sun ci gaba da aiki, kuma a ganina babban abin da ya kare su shi ne 'ya'yan manyan gidajen Khartum da ke zaune a kan kujerunsu. Ba kuma duka ne na masu kuɗi ba. Tsakanin makarantar Unity mai bin manhajar Ingila, wadda talaka ko ƙofarta ba ya tunkara, da makarantun rumfa da cocin Katolika ya kakkafa a gefen Khartum tun shekarun 1980 domin 'ya'yan waɗanda yaƙin kudu da fari suka koro, akwai tazara mai nisa, kuma mu a tsakiya muke neman wuri.

Ga Bahaushe maganar tana da wani nauyi na daban. Da yawa daga cikinmu jikokin waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma jikokin mahajjatan da suka yada zango a bakin Nilu suka zauna. Da kawuna na garin Mai Wurno ya ji inda na kai yarinyata, sai ya ce da ni, "Ɗana, kakanninmu sun baro Sakkwato da ƙafa don gudun Nasara, kai kuma ka ɗauki jikarsu da hannunka ka miƙa wa Fada?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, ba a hana ta salla ba, kuma malamin da yake koya mata addini a can Musulmi ne." Bai gamsu ba, ni ma ban matsa ba, domin tsoronsa yana da tushe ko da bai dace da abin da ke faruwa a ajin ba. Makarantar da take shirya yara domin jarrabawar Shahada ta Sudan, wato ta kammala sakandare, dole ta bi manhajar ƙasa, wadda a cikinta ɗalibi Musulmi yake rubuta takardar tarbiyyar Musulunci, Kirista kuma ya rubuta tasa. Abin da makarantar ba za ta ɗauke wa uba ba shi ne karatun allo, saboda haka yaro yakan dawo ya ci abinci ya wuce halwa, wato makarantar allo, bayan la'asar, kuma wannan ma yana da nasa kuɗin da tasa gajiyar, waɗanda ba kasafai ake sa su cikin lissafi ba.

Maƙwabtanmu Kiristoci, 'yan Nuba da 'yan kudu da Habashawa da 'yan Iritiriya, dalilinsu ya fi namu ƙarfi. A yawancin makarantun gwamnati ba a samun malamin addinin Kirista, sai dai yaro ya je coci ranar hutu ya koyi darasin da za a jarraba shi a kansa. Ga kuma batun Lahadi, wadda ranar aiki ce a ƙasar. Makarantun coci sun saba hutawa Juma'a da Lahadi su yi karatu Asabar, har hukumomin ilimi na jihar Khartum suka umarce su a 2017 da su riƙa buɗewa ranar Lahadi, abin da ya ɓata wa iyaye da yawa rai. Su idan sun biya, suna biyan karatu ne da kuma damar yaro ya tashi cikin addininsa.

Wanda bai taɓa leƙa ajin firamare na gwamnati a unguwannin bayan gari ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa mai sayar da agashe yake matse cikinsa ya biya kuɗin makaranta. Yara sun cika aji har wasu suna zaune a ƙasa, littafi ɗaya ana rabawa tsakanin yara da dama, malami kuma albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, don haka ko dai ya nemi wata sana'a ko ya dogara da darasin bayan tashi wanda ake biya. Ba na ganin laifin malaman ko kaɗan, kuma yajin aikin da suka shiga a ƙarshen 2022 kan albashi yana kan gaskiya, sai dai yaron da ya zauna a gida makonni ba ruwansa da mai gaskiya. Kafin wannan an rufe makarantu lokacin zanga-zangar 2018 da 2019, an rufe saboda korona, ambaliyar 2020 ta jinkirta buɗewa. Kyautar ma ba kyauta ba ce, domin majalisar iyaye tana karɓar gudummawar alli da wuta da ruwa da gyaran benci, idan aka haɗa da kuɗin darasin yamma sai mutum ya ga yana biya ba tare da an ba shi rasit ba. Makarantun 'yan kasuwa da suka yawaita tun shekarun 1990 akwai nagari a cikinsu, amma da yawa gidan haya ne aka rataya wa allo, mai shi yana jiran riba a ƙarshen zango. Makarantar coci ba ta da mutum guda da yake jiran wannan ribar, shi ya sa kuɗinta yakan tsaya a tsaka-tsaki, ko da yake wannan bai mai da kowacce ta zama tagari ba.

Akwai kuma dalilin da ba mu cika faɗa a fili ba. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida, ranar da ya shiga aji sai ya tarar da Larabci, idan harshensa ya karkace a wani harafi sai a yi masa dariya a kira shi da sunayen da muka sani. A ajin da ya tara ɗan Nuba da ɗan Habasha da ɗan kudu da Bakibɗe, wanda Larabci ba harshen uwarsa ba ne ba baƙon abu ba ne, malamai ma sun saba da shi. Hausawa, mutanen da har yau ake yi wa tambayoyi masu yawa kafin a ba su lambar ɗan ƙasa, waɗanda suka fito kan titi a Gadarif da Kasala da Bur Sudan a 2008 saboda an yi shakkar kasancewarsu 'yan Sudan, suna da hujjar ɗaukar takardar Shahada mai maki mai kyau a matsayin garkuwa.

Wahalar tana wajen biya, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya dubi adadin da aka rubuta a takardar rajista ya ɗauka shi ke nan. Bayan kuɗin karatu da ake biya kashi-kashi, akwai kuɗin tarhil, wato motar ɗaukar yara, ko na raksha, wato keke mai ƙafa uku, ga wanda gidansa ke nesa, wanda a wasu shekarun da man fetur ya yi tsada yakan kusa kamo kuɗin karatun kansa, ga kayan makaranta da littattafai da kuɗin fatur, wato karin kumallo, na kowace safiya da kuɗin jarrabawa. Sannan ga jine, kuɗin Sudan, da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da kudu ta balle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, darajarsa take zubewa; a watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta mai da farashin dala daga jine 55 zuwa kusan 375 a rana guda, hauhawar farashi kuma a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari. Makarantar da ta yanke kuɗi a farkon shekara takan ga bai isa albashin malamai ba kafin a kai rabi, sai ta nemi ƙari, iyaye su ce ba haka aka yi da su ba, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Dalar da ake saye wajen jine 600 gab da yaƙi ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage cikin 2024.

Hanyoyin da mutanenmu suke bi ba ɓoyayyu ba ne. Mafi inganci a cikinsu shi ne adashi, wanda a nan ake kira sanduƙ, idan aka roƙi uwar adashi tun farko ta sa kwasar mutum ta faɗo a watan rajista, ko da yake a shekarar da kuɗi ke narkewa mai kwasar ƙarshe shi ne yake asara. Mai ciniki na kullum, kamar tela ko mai agashe ko mai shayi, gara ya riƙa ware na makaranta kowane dare kafin ya ƙirga riba. Dole kuma a faɗi gaskiya, a gidaje da yawa kuɗin godogodo da gyaɗa da ɗinkin uwargida ne suke cike kashi na biyu da na uku, wani lokaci har da awarwaronta na zinariya, amma idan yaro ya ci jarrabawa uban ake yi wa barka. Masu 'yan'uwa a Jidda da Makka da Madina sukan sami taimako ta Bankak, manhajar banki ta aika kuɗi a waya, sai dai wannan rijiyar ta ja baya tun da Saudiyya ta sa harajin wata-wata kan iyalan baƙi a 2017, wanda ya fara da riyal 100 kan kowane mutum ya kai 400 a 2020. Da yawa sun maido da iyalansu gida, suka koma masu neman gurbi a makarantun da dā suke taimaka wa wasu su biya. Manoman Gadarif da Sinnar tasu matsalar ta lokaci ce, domin ana neman kuɗin rajista kafin a yanke riɗi a Oktoba da Nuwamba, kuma wanda ya karɓi shail, wato ya sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye a farashin da ɗan kasuwa ya ga dama, ya biya kuɗin makarantar ninki biyu bai sani ba. Gara ya je da kansa wurin shugaban makaranta tun kafin wa'adi ya nemi a ɗaga masa zuwa kaka. Wanda ya zo da wuri ya faɗi halinsa akan saurare shi, wasu makarantun ma suna rage wa mai yara biyu ko uku, amma ɗan tallafin da coci ke da shi yakan fara ne da matalautan cikinta, kuma ban ga abin zargi a nan ba.

Inda na fi tsayawa da ƙarfi shi ne a yi lissafin har ƙarshen mataki, a kuma yi shi da dukan yaran gida. Tsarin karatu ya koma shekara shida na firamare, uku na tsakiya, uku na sakandare tun 2020, saboda haka mai sa yaro a aji ɗaya alkawarin shekara shida ya ɗauka, ƙannensa kuma suna tafe a bayansa. Cire yaro a aji huɗu saboda bashi, bayan an riƙa tsayar da shi a bakin ofis gaban abokansa, ya fi yi masa illa a kan a ce tun farko a ta gwamnati ya fara ana biya masa darasin yamma. Abokaina da yawa suna ganin a adana kuɗin sai sakandare, inda makin Shahada yake yanke wa yaro kwalejin da zai shiga, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ni dai na fi karkata ga shekarun farko, domin yaron da ya kai aji uku bai iya karanta Larabci da kyau ba, kowane darasi na gaba gini ne a kan yashi, musamman namu da suke shigowa da wani harshe. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a biya wa namiji a bar mace da sunan aure za ta yi, ko a sayar da gona ko keken ɗinki, wato abin da zai biya kuɗin baɗi, domin a biya na bana.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rikita wannan lissafin gaba ɗaya. A watan Oktoba na shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, azuzuwa a Bur Sudan da Kasala da Gadarif sun zama ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira, ɗaliban da ya kamata su rubuta Shahada a 2023 kuma sai a ƙarshen Disamba na 2024 suka samu zama. Iyayen da suka riga suka biya kuɗin shekara a Khartum sun bar shi can tare da kayan ɗakinsu. Wannan ya sa yanzu ba na biyan shekara gaba ɗaya ko da ina da hali, ko da kuma an yi mini alkawarin ragi. Kashi-kashi nake biya, in karɓi rasit, in ɗauki hotonsa da na sakamakon yara in aika wa ƙanena da ke Jidda ya ajiye, saboda na ga yadda waɗanda suka fito ba takarda suka sha wahala kafin a yarda da ajin da 'ya'yansu suke. Kafin in sa hannu a rajistar bana na tambayi shugabar makarantar abin da zai faru da kuɗin zango idan aka sake rufewa a tsakiyarsa, ta ce za a ɗora abin da ya rage a kan zangon da za a buɗe, na roƙe ta ta rubuta haka a bayan rasit, ta rubuta ta buga hatimi.