Yakisoba daga kaskona

Tun ranar da na fara cin yakisoba, wato soyayyar taliya ta Japan, a wani ƙaramin gidan abincin Japanawa, ɗanɗanonta bai bar bakina ba, domin a gabana mai girkin ya soya taliyar a kan faffaɗan farantin ƙarfe mai zafi, ƙamshin kabeji da albasa yana tashi. Jiya na ƙudura sai na yi ta da hannuna.

Taliyar alkama ake yin ta da ita, irin wadda ta samo asali daga girkin Sin, amma a ganina miyar ce ke riƙe da abincin. Na haɗa miyar Worcestershire (wata baƙar miyar kwalba mai ruwa-ruwa da tsami) da ta waken suya da ɗan sukari har zaƙi da tsami suka daidaita. A Japan galibi naman alade ake sawa, ni kuwa tsokar kaza na yanka siri-siri.

Karon farko na cika kasko, kabejin ya saki ruwa, taliyar ta caɓe, abin ya ba ni takaici ƙwarai. Da na sake, sai na ƙara wuta, na soya taliyar ita kaɗai har gefenta ya yi ja, na kwashe, na soya kaza da karas da kabeji, sannan na mayar da ita na zuba miyar ta gefen kasko don ta ɗan kama. Jar citta mai tsami da suke ɗorawa a sama, wato beni shoga, ban samu ba, sai na jiƙa ɗanyar citta a khal tun safe. Mahaifiyata ta ci, ta ce in ƙara kabeji idan zan sake.