Abin da rajista ba ta gaya mini ba

Da na fara aiki a ɗakin masu tarin fuka, a wani ƙaramin asibiti a Kano, na ɗauka aikina in zauna da rajista in jira. Magani kyauta, gwajin kaki a na'urar GeneXpert ma kyauta. To me zai hana mutum zuwa?

Wani dattijo mai turin baro ne ya buɗe mini ido. Maganin na wata 6 ne, shi kuwa bai cika wata guda ba ya ɓace. Adireshinsa a takarda: "bayan masallaci". Sati biyu ina bulayi a lunguna. Da na gaji na kai kukana wurin mai unguwa, kafin la'asar an nuna mini zauren da yake kwana. Ashe fitsarinsa ya gani ya yi ja, ya ɗauka jini ne. Rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin, ke jawo haka, ba illa ba ce, kuma ni ce ban faɗa masa ba tun farko.

Daga nan na daina raina zaman kwamitin mazaɓa, inda manyan unguwa ke tattauna harkar lafiya, da a da nake gani na shan lemo ne kawai. A can mai kemis ya yarda duk wanda tarinsa ya kai sati 2 ya turo mana, ba ya cika shi da maganin tari ba. A can liman ya ɗauki yin magana bayan sallar Juma'a. Wani alaramma ya hana mu duba almajiransa, yara masu kwana a cunkushe a ɗaki marar taga, sai da dagaci ya aika masa da kansa.

Sai dai kusancin nan yana da ƙaya. Duk mai tarin fuka muna ba shi shawarar gwajin ƙanjamau, don tarin ne ya fi kashe masu wannan cuta. A unguwa kuwa, magana ɗaya ta fita, an daina cin abinci da mutum.

Ran nan mai unguwar ya ja ni gefe, ya rage murya.

"'Yata, shi mutumin nan, tarin ne kawai ko har da ɗayar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan tsakaninsa da likita ne."

Ya ɗan yi shiru, ya gyara hula. Sai ya tambaye ni wa kuma ya rage mu nemo.