Ku fara sanin tantanin kafin ku taɓa kod

Ƙannena masu shigowa harkar simuleshan ɗin tantani daga fizik ko kwamfuta, bari in rage muku hanya. Lokacin da na fara mastas a kan yadda tantani ke rabuwa gida biyu, da girman kaina na shigo, na ce ai kuromozom, wato ƙunshin DNA da ake raba wa sabbin tantanin biyu, abu ne mai nauyi, ga ƙarfi yana jan sa, lissafin Newton kawai zan zuba a Python in tafi. Sai kuromozom ɗina ya riƙa wuce tsakiya yana dawowa yana lilo, ni ko murna, don na gaske ma suna ɗan kai-kawo, ashe dalilinsu daban nawa daban.

Sufabaiza na gani ta ce kai ina ka samo wannan nauyin? A cikin tantani nauyi ba ya aiki, abin kamar ƙuda ne ya faɗa zuma, ana daina turawa yake tsayawa cak. Edward Purcell ya yi bayanin wannan tun 1977, ni dai ban karanta ba sai da na sha kunya.

To ku haddace lambobin kafin komai. Kinesin, furotin ɗin da ke jan kaya a cikin tantani kamar ɗan dako, taku ɗaya nanomita 8 yake yi, ya ci ATP ɗaya, wato man da tantani ke aiki da shi, in ƙarfin da kayan ke tirje masa da shi ya kai wajen pikoniyuton 6 sai ya cije. Dayinin, wani furotin mai jan kaya, shi kuma akasin hanyar kinesin yake ja. Layin da suke bi, maikurotubul, faɗinsa nanomita 25, kuma ba sanda ba ce kamar yadda na zana a kod ɗina, tsawo yake yi sai kwatsam ya rushe ya sake tsirowa, Mitchison da Kirschner ne suka nuna haka a 1984. Bruce Nicklas kuwa tantanin fara ya samu, farar nan dai da muke soyawa da yaji, ya sa siririyar allurar gilas ya tare kuromozom yana tafiya, a 1983 ya fitar da cewa sai wajen pikoniyuton 700 kafin ya tsaya, alhali abin da ake buƙata a ja shi cikin ruwan tantani ko pikoniyuton ɗaya bai kai ba. Da na san wannan da ban ɓata lokaci ina ƙara ƙarfi don in ƙara gudu ba.

Amma wlh babban kuskurena murɗa lambobi ne. In bidiyo bai yi kyau ba sai in ɗan ƙara nan in rage can har kuromozom su jeru tsaf a tsakiya, in tura wa abokai a WhatsApp ana ta yabo. Rannan ta ce in cire kinesin-5 daga kod ɗin mu gani, shi ne wanda ake kira Eg5, mai tura maikurotubul biyu su zame wa juna ɓangarori biyun da ake jan kuromozom zuwa gare su su yi nisa da juna. A ɗakin gwaji in aka zuba maganin monastrol ya kashe aikinsa, ɓangarorin haɗewa suke wuri guda. Nawa ko gezau, saboda ni da hannuna na kafe su tun a layin farko na manta. Wato duk abin da nake nunawa zanen katun ne kawai.

Shi ya sa nake ganin girman aikin Wollman da abokansa na 2005, lissafinsu cewa ya yi a'a, in lalube kawai maikurotubul ke yi a makance ba za su kama kuromozom 46 na mutum cikin lokacin da ake gani ba, dole akwai abin da ke karkata su, suka nuna RanGTP, wani furotin da ke taruwa kewaye da kuromozom.

Kuma kar ku ce sai kun gina komai daga tushe, akwai manhajar simuleshan mai suna Cytosim ta François Nédélec kyauta a intanet, ku fara da ita. Duk lambar da kuka sa ku rubuta ma'auninta da inda kuka samo ta a gefenta, don ni na taɓa haɗa maikuromita da nanomita a layi ɗaya, kinesin ɗina ya tsallake tantanin gaba ɗaya a taku biyu-uku.