Abin da walet ke nuna maka daban, abin da zai shigo hannunka daban

Ni dai ta ƙofar mainin na shigo harkar kirifto, kamar yawancin mutanenmu na Arewa, lokacin da kowa ya duƙufa dangwalen waya a 2024 don tara tokin, wato kuɗin kirifto, na kyauta. Tokin ɗin Notcoin ta shiga kasuwa a watan Mayu, DOGS ta biyo baya a ƙarshen Agusta, sai Hamster Kombat a Satumba wadda ta bar jama'a riƙe da baki. A wancan lokacin abin da na iya kawai shi ne in tura tokin zuwa kasuwa irin su Bybit ko Bitget, in sayar, in karɓi naira ta P2P, wato ciniki kai tsaye da wani mutum, shikenan. Suwaf kuwa, wato musanya wani tokin da wani a cikin walet, manhajar da kake ajiye kirifto, sai da wasu tokin suka zo mini kai tsaye cikin walet ɗin Tonkeeper sannan dole ta sa na koya, kuma wallahi maɓallin nan da kake gani guda ɗaya kamar ba komai, akwai abubuwa da yawa a ƙarƙashinsa da ba wanda ya gaya mana a gurup.

Na fara da DOGS, ina so in mayar da su USDT, tokin ɗin da ke bin farashin dala. Na zaɓi DOGS a sama, USDT a ƙasa, na saka adadi, na danna, sai walet ta ce ba ni da isasshen TON. To ni kyauta aka ba ni tokin ɗin, ina na ga TON? Ga kuɗi ina kallo a waya amma ba su motsuwa, sai da na kira wani abokina ya turo mini ɗan TON na tura masa naira ta banki sannan abu ya tafi. Nan na gane kowane netwok, wato hanyar da tokin ke gudana a kanta, da kuɗin gas ɗinsa, wato kuɗin aikin da ake cira a kowane ciniki, kuma da kuɗin gidan ake biya. A kan TON sai da TON, a kan BNB Smart Chain sai da BNB, Tron sai TRX, Solana sai SOL, Ethereum sai ETH. Ko da dala dubu ta USDT gare ka, in babu ɗan kuɗin gidan a gefe to ajiya kawai kake yi. Wani abin da ya ɗaga mini hankali a ranar, TON ɗin da aka cire ya fi abin da nake tsammani, har na fara sallallami, can bayan 'yan daƙiƙu sai ga canji ya dawo. Ashe haka tsarin TON yake, ana ɗaukar fiye da buƙata sai a maido ragowar. A Solana kuma duk sabon tokin da zai shiga walet ɗinka karon farko sai an riƙe maka wajen 0.002 SOL na buɗe masa gurbi. Tun daga nan ba na taɓa danna Max, maɓallin kwashe duka, a kan kuɗin gas, kullum ina barin ɗan wani abu a ƙasa don gobe.

Maganar netwok ba zan daɗe a kai ba don an sha yin ta. USDT na Tron da USDT na BNB Chain da na TON suna ɗaya, farashi ɗaya, amma ba gida ɗaya suke ba. Suwaf na yau da kullum a cikin netwok guda yake faruwa. In kana so ka tsallaka daga wannan zuwa wancan to sai an bi ta gada, wato tsarin da ke ƙetarar da tokin tsakanin netwok biyu, kuma gada ta fi tsada, ta fi jinkiri, wani lokacin ka zauna kana kallon waya kuɗi sun bar can ba su iso nan ba, cikinka na ƙugi. Ni in kuɗin ba su da yawa gara in tura kasuwa in ciro ta netwok ɗin da nake so.

Inda na fi shan mamaki shi ne wurin farashi, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi asara ba tare da sun san ta ina aka yanke su ba. Da na ɗauka in na danna suwaf wani mutum ne a can yake saya daga hannuna. Ashe babu kowa. Walet ɗin aika ka take yi zuwa shafukan musanya irin su PancakeSwap ko Uniswap, ko STON.fi da DeDust in a TON kake, ko Jupiter a Solana wanda shi ma zagayawa yake yana nemo maka inda ya fi arha. A can akwai rumbu da mutane suka zuba tokin iri biyu a ciki, kai kana zuba naka ne kana ɗiban ɗayan, kuma duk ɗiban da ka yi farashin na motsawa a kanka tun kafin ka gama. Kamar ka je Wapa da damin kuɗin wata ƙasa da ba a cika nema ba, ɗan canji ya karɓi na farko a farashin allo, na biyu ya rage, kafin ka kai ƙarshen damin ya ce maka iya abin da ke aljihunsa ke nan.

Bari in buga lissafi yadda na buga wa kaina a takarda. A ce rumbu na da USDT 1,000 da tokin 1,000,000, kenan kowane tokin 0.001 ne. Kai kana da 500,000, walet za ta rubuta maka dala 500 ɓaro-ɓaro ka ɗauki hoto ka saka a sitatus. Amma dokar rumbun ita ce in an ninka ɓangarorin biyu da juna sakamakon ba ya canzawa, to da ka zuba naka tokin sun zama 1,500,000, dole USDT ya sauko zuwa wajen 667, abin da zai fito maka 333 ne kacal, kuma ba a cire ladan rumbu ba tukuna. Ba wanda ya sace maka ko sisi, rumbun ne ƙarami. Shi ya sa yanzu kafin in yi murna da kowane sabon tokin sai na leƙa shafin DexScreener na ga nawa ne likwiditi ɗinsa, wato kuɗin da ke cikin rumbunsa, in na ga 'yan dubban daloli ne alhali gurup na ta ihun za a yi arziki sai in yi dariya kawai in wuce.

Saboda haka lambar da nake karantawa kafin in danna ba babbar nan ta sama ba ce, ƙaramar ta ƙasa ce da ke cewa ga mafi ƙarancin abin da za ka samu. Ita ce gaskiyar cinikin. Silifej ne ke tsara ta, wato iya kashin da ka yarda farashi ya zame a kanka kafin ciniki ya kammala. A manyan tokin 0.5% ya isa, wani lokacin 1%. In aka saka shi ƙasa sosai ranar da kasuwa ke rawa ciniki zai faɗi, kuma a irin su BNB Chain da Ethereum gas ɗin da ka biya ya tafi ke nan ko cinikin bai yiwu ba. In kuma aka buɗe shi da yawa akwai bot-bot, wato manhajoji masu ciniki da kansu, da ke zaune suna jiran irinka, su saya kafin kai, farashi ya hau, ka saya da tsada, su sayar a bayanka, duk cikin ƙiftawar ido. To in ka ji admin na cewa ku saka silifej 15 ko 20 ko ma 49 don ciniki ya shige, ka tsaya ka tambayi dalili, yawanci tokin ne mai haraji a jikinsa, duk saye da sayarwa sai an yanki wani kaso an kai walet ɗin masu shi.

Sai maganar amincewa. A BNB Chain da Ethereum da danginsu, karon farko da za ka musanya wani tokin sai ka sa hannu sau biyu, na farko Approve ne, kana ba kwantiragin, wato manhajar da ke gudanar da cinikin a kan netwok, izinin taɓa tokin ɗinka, na biyu shi ne ainihin suwaf ɗin, kuma kowanne da gas ɗinsa. Mutane da yawa suna yin na farko su ga an cire BNB su ga babu abin da ya canza su fara zagin manhaja, alhali rabin aikin suka yi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, izinin nan sau da yawa ba shi da iyaka kuma ba ya mutuwa da kansa, ko ka goge manhajar yana nan. In a shafin kirki ka bayar da sauƙi, in a shafin 'yan damfara ne to ka miƙa musu makulli ne, ba sa buƙatar kalmomin sirrin walet ɗinka 12 ma. Ni nakan shiga Revoke.cash lokaci-lokaci in soke tsofaffin izini, ana biyan ɗan gas amma ina samun barci.

Wata rana da safe na buɗe walet na ga wani tokin da ban taɓa saya ba, an jibga mini shi da yawa, kuma sunansa ma adireshin wani shafi ne wai in je in karɓi kyauta. Ban taɓa shi ba, na ɓoye shi kawai. Wani ƙanina kuwa da aka turo wa irinsa ya zo mini da gudu yana cewa yaya dubi, Allah ya kashe ya ba mu. Na ce zauna mu gani. Muka kwafi adireshin kwantiragin, wato lambar shaidar tokin ɗin, muka liƙa a BscScan, shafin duba cinikin BNB Chain, muka buɗe jerin cinikin da ake yi, saye, saye, saye, har ƙasa ba ka ganin wanda ya sayar sai walet ɗaya ko biyu da suke ta maimaituwa. Na ce masa kaga wannan ƙofar shiga ce kawai aka yi mata. Bai ji daɗi ba amma bai haɗa walet ɗinsa da shafin ba, alhamdulillahi. Kowa zai iya ƙirƙirar tokin ya sa masa suna USDT ko Pi ko Sidra ya manna tambari, suna ba shaida ba ne, adireshin kwantiragi ne shaida, kuma daga CoinMarketCap ko CoinGecko ko shafin masu abin nake ɗaukowa, ba daga saƙon wani a Telegram ba. Na USDT a BNB Chain da 0x55d3 yake farawa ya ƙare da 7955, har na haddace shi. In kuma sabon tokin ne da zuciyata ta nace, sai in saya na dala ɗaya ko biyu in gwada sayarwa nan take, in ya fita to, in ya ƙi na yi asarar kuɗin shayi. Ko ya fita ma ba tabbas ba ne, masu shi na iya kwashe rumbun da daddare.

Lada kuma kowa na cin nasa, kawai ba sa ɗaga murya ne. Tsohon tsarin PancakeSwap 0.25% ne, na Uniswap 0.3%, walet ɗin MetaMask kuma in ka yi suwaf ta cikinta tana ɗora 0.875% nata. A ƙaramin ciniki ban damu ba, sauƙin ya biya, kuma ya fi mini aminci a kan in je ina laluben shafi a Google in faɗa na bogi. A babban ciniki nakan buɗe wuri biyu in kwatanta abin da zai fito. Maganar halacci da haramci kuwa na bar wa malamai, don su ma bakinsu bai zo ɗaya ba, kowa ya tambayi wanda ya yarda da shi.

In ka gama suwaf ba ka ga sabon tokin a walet ba kada ka sake dannawa, duba tarihin cinikin tukuna a BscScan ko Tonviewer ko Solscan, in an rubuta ya yi nasara to kuɗin na nan, saka adireshin kwantiragin da hannu kawai zai bayyana. Kuma duk wanda ya biyo ka inbos wai shi ma'aikacin walet ne zai gyara maka, ɓarawo ne, ba su da ma'aikacin da ke bin mutane.

Tun da Binance ta rufe harkar naira a Maris 2024 yawancinmu sai mun bi ta wata kasuwar kafin kuɗi su shigo banki, to in niyyarka naira ce kuma tokin ɗin yana kan kasuwar, ka lissafa tukuna. Suwaf a walet gas ne da lada da silifej, sannan tura USDT ɗin wani gas ne. Sau da yawa tura tokin ɗin kai tsaye ka sayar a can ya fi arha, in dai ka duba sun karɓi netwok ɗin, ka duba mafi ƙarancin abin da suke karɓa, kuma in TON ne kada ka manta da memo, wato lambar da kasuwar ke ba ka don ta gane kuɗin naka ne.